Kafin a Rufe Sarjan Abdulbaƙi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 17 ga Afrilu, 2025, rana na fitowa, Allah ya karɓi ran ƙanena, Sarjan Abdulbaƙi Dawuda, tsohon soja, a ɗakinsa da ke gidanmu na gado a unguwar Hausare, nan Garwa. Ya rasu yana da shekara arba'in da huɗu. Ya bar matarsa Mardiya, da 'ya'ya biyu, Raihana da Muhaimin, da ni yayarsa Hindu, wadda ta goye shi yana jariri, ta kuma ga fitar ransa.

Sanarwar da ta zaga wayoyin dangi a safiyar nan ta ce ya rasu "bayan gajeriyar rashin lafiya." Ban san wanda ya rubuta ta ba, kuma gara kada in sani. Ƙarya ce. Shekara shida ciwon nan yana cinsa, gaɓa bayan gaɓa, muna zaune muna kallo. Wanda ya kira wannan gajeriya, ko dai bai taɓa leƙa ɗakin ba, ko kuwa ya leƙa ya fito ya yi abin da muka fi ƙwarewa a kai, wato rufewa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. An ce mini ta'aziyya ba wurin faɗa ba ce. To, ni ban sami wani wurin ba.

Abdulbaƙi, da hannuwanka zan fara, don da su aka san ka, kuma su aka fara kashewa.

Mu 'ya'yan fawa ne. Kakanmu da wuƙa ya zo garin nan daga Kano, babanmu Dawuda da wuƙa ya ciyar da mu. Ni aka tura lakwal, makarantar boko, kai kuwa tun kana ɗan shekara tara kake bin Baba mahauta. Baba yakan ce hannunka yana gane gaɓa kafin idonka ya gan ta. Kana feɗe rago fata ta fita ba huji ko ɗaya, kamar an tuɓe masa riga. Kakan tsokane ni ka ce, "Adda Hindu, ke ki ci takarda, ni in ci nama, mu ga wanda zai yi wuya." Amma kullum ka dawo sai ka zo mini da gasasshiyar hanta a ɓoye, don ka san ina zama karatu da yunwa. Akwai ranar da ka naɗo ta a cikin shafin da ka yage daga littafina na lissafi, ana gobe jarrabawa. Na bi ka da muciya har bakin zaure. Da na huce na cinye hantar, na kuma karanta darasin ta cikin maiƙo. Har ka mutu kana cewa da maiƙonka na zama malamar lise, wato sakandare.

Da ka shiga soja Baba ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarka. Bai hana ka zama ɗan gidanku ba. Duk shekarar da ka sami hutu a Babbar Sallah, sai ka ajiye kaki, ka ɗaura zane a ƙugu, ka bi gidajen matan unguwa da mazansu suka mutu, ka yanka musu, ka feɗe, ka rarraba, ka wanke wurin. Ko ƙashin miya ba ka karɓa. Akwai tsohuwar da ta bi ka da wuyan rago har bakin titi, ka ce mata likitan soja ya hana ka cin wuya. Ƙarya ce ita ma, amma irin wadda nake roƙon Allah ya sa a mizaninka na alheri.

Yaƙin bakin iyaka ya kai ka can bayan Mora. Ba ka taɓa ba mu labarinsa ba. Abin da na sani daga bakin Jérémie na ji, abokinka ɗan Touboro, wanda yake tuƙa motar da ke gaban taku ranar da ta taka nakiya. Ya ce bai ji ƙarar ba, sai dai ya farka ya ga motar a kife tana cin wuta, mutanen da yake hira da su ɗazu sun zama gunduwa-gunduwa a kan yashi, ƙafarsa ta hagu kuma ƙarfe ya danne ta, ƙashin ya dagargaje, nama da jijiya kawai ke riƙe da ita. Ana harbi daga cikin duwatsu. Kai ka rarrafo, ka cire bel ɗinka ka ɗaure masa cinya, ka dubi wutar, ka dubi ƙafar, ka zaro wuƙa. Ya ce bai taɓa ganin hannu mai sauri irin wannan ba. Ka saɓa shi a kafaɗa ka fita da shi, jininsa yana bin bayanka har cikin takalminka. Duk inda Jérémie ya zauna sai ya ce, "Mahaucin nan ya yanka ni ko bismilla bai yi ba." Kai kuma ka amsa masa cewa ba a yi wa naman da ba za a ci ba.

Jérémie ya sami pansiyon na naƙasa, kuma ya cancanta. Ƙafar da babu, kowa yana ganin babu. Kai ka dawo daga wutar nan ko ƙwarzane babu a jikinka, muka yi ta sadaka muna godiya. Ashe naka yana hanya.

Daga fagen daga aka mai da kai wurin gyaran makamai. Shekara da shekaru hannuwanka suna nutse har gwiwa a cikin wani ruwan wanke ƙarfe mai yaji a hanci, ba safar hannu, ba abin rufe fuska. Sai yatsunka suka fara yin fari fat da sanyin safiya, su koma shuɗi, su dawo da raɗaɗi. Sai kumburi. Sai fatar ta fara taurara tana ɗamewa a kan ƙashi. Bakinka ya tsuke har lomar tuwo ta daina shiga, haɗiya ta zama aiki, tari ya zauna. Aka sallame ka. Dokta Edwige, likitar da ta riƙe ka a lopital har ƙarshe, ita ta ba ciwon suna, sclérodermie. Ta yi mini bayani cewa garkuwar da Allah ya sa a jikin mutum don ta kare shi, ita ce ta rikice ta juya tana yaƙar jikin. Ta ce an san irin wannan ruwan da ka yi aiki da shi yana cikin abubuwan da ake zargi da tayar da ita. Da na gaya maka sai ka yi wannan dariyar taka da bakin ya daina barinta ta fito sosai, ka ce ashe tawaye ake yi a cikinka, kuma ba kwamandan da za ka kai wa rahoto.

Ka haɗa dosiye na takardun ciwonka, ka nemi haƙƙin naƙasa. Aka kira ka Yawunde gaban komisiyon na likitoci. Mardiya ta goge maka kaya, ita ta ɓalla maka maɓallai don yatsunka ba sa iyawa. Ka shiga, ka ga manya da galoli a kafaɗa, sai jikinka ya yi abin da aka koya masa shekara ashirin: ka ƙame, ka ɗaga kai, ka mai da hannuwa baya. Haka ka tsaya har aka gama. Hannuwan da saboda su ka yi tafiyar kwana da yini suna ɓoye a bayanka, ba wanda ya ce ka miƙo su, kai kuma soja ba ya motsi sai an ba shi umarni. Ɗayansu ya tambaye ka inda harsashi ya shiga. Ka ce bai shiga ba. Ya tambayi sana'ar gidanku, ka faɗa, ya ce madalla, ai nama ba ya kwantai a arewa. Amsa ta biyo ka gida da kalmomi huɗu na Faransanci, non imputable au service, wato ba aikin soja ne ya jawo maka ba. Na koyar da harshen nan shekara ashirin da biyar, ban taɓa ganin jimlar da ta yi kisa da tsabta irin wannan ba.

Da a ofis abin ya tsaya, da da sauƙi. Gida ya biyo ka. Baffa Ishaku, ƙanen babanmu, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar Baba, ya ce tunda likitocin gwamnati sun ce lafiyarka lau, to lafiyarka lau, zaman bariki ne ya koya maka son jiki. Ranar Layya ya sa aka kayar da rago a tsakar gida, ya ɗauko wuƙar Baba ya cusa maka a hannu a gaban yara da baƙi. Na ce kada ka karɓa. Ka dube ni, ka karɓa da hannu biyu. Ka yi bismilla, ka ja. Wuƙar ta shiga rabi ta kuɓuce. Ragon ya fizge daga hannun masu riƙo, ya miƙe da wuya a buɗe, yana wani irin kuka ta maƙogwaro, ya yi ta zagaya gidan yana feshin jini a bango, a kan tukwanen da aka wanke, a kan sabuwar rigar Raihana. Mata suna ihu, yara suna faɗuwa. Baffa ne ya kama shi a bakin rijiya ya ƙarasa. Kai kana durƙushe a cikin jinin, kana kallon hannuwanka. Ɗan Dawuda, wanda ya yi wa rabin unguwa yanka. Daga ranar ba ka ƙara fitowa tsakar gida da rana ba.

Me muka yi? Muka wanke bango. Aka gargaɗi yara kada a ji a waje. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iskokin dutse ya taka a wurin yaƙi, aka yi ta hayaƙi da rubutun sha. Mai zuwa dubiya a tare shi a zaure a ce barci kake. Kai ma ka shiga sahunmu: riga mai dogon hannu a wannan zafin na Garwa, hannuwa kullum a ƙarƙashin bargo. Ni idan na buɗe baki sai a ce mini munyal, haƙuri. Na tsani kalmar nan da kowane harshe aka faɗe ta.

Duk da haka ba ka daina amfanar mutane ba. Jérémie ya tattaro tsofaffin sojojin da aka mai do musu da dosiye kamar naka, masu ciwon da ba ya zubar da jini a gani. Sukan shigo ɗakinka ranar Asabar, su kaɗai ka yarda su shigo. Kai kake gaya musu ƙofar da za a buga da wadda ɓata lokaci ce, ni ina rubutawa. Akwai Mahamman na Mindif, wanda gaɓoɓinsa suka kumbura har ba ya iya sujada, ya ce ya gaji zai bari. Ka ce masa idan ya bari sai ka sa Jérémie ya ara masa ƙafar roba ya je da ita, ko za su gan shi. Ya yi dariya har da hawaye, bai bari ba.

Ku duka kun ɗaukaka ƙara. Aka ce ana son sabon binciken likita, cikakke, da hotuna. Tafiya ta riga ta fi ƙarfinka. Dokta Edwige ta ce ita za ta yi a nan. Ka ƙi. Hannu da fuska kawai ka taɓa yarda ta gani, ka ce ba za ka tuɓe riga a gaban matar mutane a ɗauke ka hoto kamar bijimi a kasuwar Ngong ba. Na yi maka faɗa, na yi kuka, na gaya maka cewa idan ka tafi a haka Mardiya da yaran nan ba su da komai, kuma sunan da za a bar maka shi ne malalaci. Ka juya fuska bango.

Sai a makon ƙarshe, numfashi yana fita da ƙyar, ka sa aka kira ni da Mardiya. Ka ce, "Adda, kunya ta hana ni ina da rai. Idan na mutu ba ni da sauran kunya. Kada ku bari a rufe ni kafin a gan ni."

Ranar da ka cika, Dokta Edwige tana Ngong wurin duba marasa lafiya. Na kira ta, ta ce sai ta sallami waɗanda ke layi sannan ta kamo hanya. Baffa kuwa kafin hantsi ya sa an haƙa kabari, an yanko likkafani, an ɗora ruwa. Ya ce za a kai ka kafin azahar. Ba zan ce ba shi da hujja ba. Gaggauta gawa sunna ce, zafin Afrilu kuma ba ya jiran kowa. Na gaya masa wasiyyarka. Ya ce zafin ciwo ne ya sa ka faɗa, kuma muddin yana numfashi ba macen da ba muharrama ba, balle wadda ba ta sallah, da za ta buɗe gawar ɗan ɗan'uwansa.

Sai na je na zauna a bakin ƙofar ɗakinka, na miƙe ƙafafu.

Ya ce, "Hindu, tashi."

Na ce, "Baffa, sai dai a tsallaka ni."

Ya ce boko ya cinye mini tarbiyya. Na ce ba boko ne ya sa wa mara lafiya wuƙa a hannu ba. Sandarsa ta sauka a dantsena, sau biyu, ta uku a kafaɗa. Shekarata hamsin da biyu, ina da jikoki. Ban tashi ba. A zaure kuma samarin gidan suka ga Jérémie ya gicciya sandarsa ya tare hanyar masu makara, suka ture shi, ya faɗi, ƙafar robar ta kwance ta yi gefe. Yana kwance a ƙasa yana faɗa musu da Fulatanci cewa wanda ke ɗakin can shi ya ɗauke shi daga cikin wuta, kuma ba inda za shi.

Mardiya ce ta kashe rigimar, ita da a shekara goma sha bakwai ban taɓa ganin ta ɗaga wa Baffa ido ba. Ta fito daga ɗakin da mayafi a ka, ta fuskanci limamin unguwa da ke tsaye yana ta salati, ta ce, "Malam, a karatun da aka yi mana a islamiyya, an ce mace ita ta fi kowa haƙƙin wanke mijinta. Haka ne ko ba haka ba?" Liman ya dubi Baffa, ya dubi ƙasa, sannan ya ce haka ne. Ta ce to ita za ta wanke mijinta, kuma ba ta shirya ba sai likita ta iso.

Dokta Edwige ta iso a kan moto, wato babur, ana kiran azahar. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta yafa gyale. Mardiya ta lulluɓe ka daga cibiya zuwa gwiwa, ta yaye sauran. Baffa ya kutso ya tsaya a kanmu, wai don ya ga iyakar rashin kunyar da za a yi.

To, ya gani. Ni ma da nake shiga ɗakin kullum, sai ranar na gani. Ƙirjinka da bayanka sun zama kamar ƙirgin da aka shanya aka manta da shi a rana, baƙi da fari, a ɗame, ba inda yatsa zai tsunkula. Gwiwar hannu ta ƙage ba ta miƙewa. Yatsu sun nannaɗe cikin tafi kamar ƙafar kaza, kawunansu sun cinye, wasu har ƙashi ya leƙo. Gyambuna a kan kowace gaɓa, waɗanda Mardiya kaɗai take wankewa shekara da shekaru ba ta gaya wa kowa ba. Likita tana aunawa, tana ɗaukar hoto, tana rubutu. Baffa ya durƙusa. Ya kama hannunka na dama, wanda ya cusa wa wuƙa, ya yi ƙoƙarin buɗe yatsun. Ba su buɗe ba. Ya ƙara gwadawa a hankali, kamar mai tsoron kada ya ji maka ciwo. Ba tare da ya ɗago ba ya tambayi Mardiya, "Tun yaushe suke haka?"

Ta ce, "Tun kafin ragon, Baffa."

Bayan la'asar aka kai ka. Al'adarmu ce, kuma mai kyau ce, wanda ya ga gawa ya riƙe bakinsa. Amma kai da kanka ka ɗage mana wannan. A zaman makoki, duk wanda ya zo ya ce ashe gajeriyar rashin lafiya, Baffa ne yake tare shi, ya nannaɗe yatsunsa ya nuna masa yadda naka suke. Ya ce a sa sunansa cikin shaidun ƙarar da ka ɗaukaka. Bai ba ni haƙuri ba, ban kuma nema ba. Shatin sandarsa yana nan a dantsena, ba na so ya yi saurin gogewa.

Rahoton likita da hotunan suna hannun Jérémie. Shi da Mahamman za su hau jirgin ƙasa daga Ngaundere su kai su Yawunde, da sunan Mardiya da yaran, da kuma sauran da ke jiran a gan su tun suna da rai. Ban san abin da za a yanke ba. Ku da kuka zauna a bayan tebur kuka bar mutum tsaye da hannuwa a baya, ban san sunayenku ba, Allah ya sani. Ba zan ce na yafe ba, don ban yafe ba, kuma ba na ƙarya a kan kabari. Ga hannuwan nan an kawo muku. Wannan karon ba sai kun ba da umarni ba.

Ya Allah, ka ji ƙan bawanka Abdulbaƙi. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ka yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba, da abin da yaƙi ya tilasta wa hannunsa. Ka yalwata masa kabari, ka haɗa shi da iyayenmu a Aljanna Firdausi. Mardiya, ƙanwata, Allah ya saka miki da abin da ya fi ƙarfin bakina, ya tsaya miki a takabarki da bayanta. Raihana da Muhaimin, Allah ya raya ku, ku sani ubanku bai taɓa zama malalaci ba. Baffa Ishaku, da dangi na Garwa da Marwa da Kano, da Jérémie da 'yan zaman Asabar, ina yi muku ta'aziyya, ina yi wa kaina. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.

Ranar da za a tashe mu, ya Ubangiji, ka tashe shi da yatsunsa a buɗe.

Hindu Dawuda
Hausare, Garwa